Tarihin Hanyar Saƙo a Arewacin Kano

Ƙasar da ta ke arewa da birnin Kano, watau daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Dambatta, ƙasa ce cike da mutane. Gona na jingine da gona, kafin matafiyi ya ba wani ƙauye baya ya hango rimin wani. Amma duk da kusancin nan, saƙo bai taɓa isa ƙauye bisa abin hawa guda ba, kullum sai ya sauya a tsakani.

A zamanin da, in Sarki zai yi magana da talakawa, hakimi ya ke gaya wa, shi kuwa a birni ya ke zaune. Hakimi ya tashi jakada a kan doki zuwa ga dagaci, dagaci ya tara masu unguwa, su kuma su sa a yi shela. Jakada shi ke zaɓen hanya. Da rani ya miƙe sosai, da damina kuwa, in Watari ko Tomas ta kawo, sai ya zaga, ko ya kwana a gaɓa.

Turawa suka ci Kano cikin 1903, ba a daɗe ba suka jawo wayar tangarahu. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, dogo ya wuce ta Jogana da Zakirai ya kai Nguru cikin 1930, waya na biye da shi. To, a nan ne aka ga abin mamaki. Magana ta kan taso daga Ikko, mil wajen ɗari bakwai, ta iso gidan waya na Kano a yinin. Daga nan sai akawu ya rubuta ta a takarda, masinja ya hau keke ya kai wa hakimi, wani kuma ya ƙarasa da ita da ƙafa. Sau da yawa ɗan guntun nan na ƙarshe ya fi doguwar tafiyar cin lokaci.

Waya kuwa ɗaya ce, masu bukata da yawa, saboda haka aka yi mata doka. Ba wanda ya riga zuwa a ke fara sallama ba. Saƙon Gwamnati shi ne gaba, sa'an nan na gaggawa, wanda kuɗinsa ya fi, sa'an nan na sauran jama'a. Ɗan kasuwa mai son jin kuɗin gyada sai ya jira. Dokar tana da hujja, gama labarin annoba ya fi gaisuwa nauyi, amma talaka ne ya kan kwana a baya.

Cikin 1944 aka buɗe tashar rarraba rediyo a Kano. Tashar ta kan kamo magana daga London ta iska, sa'an nan ta tura ta cikin waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da dandali. Rabi iska, rabi waya ke nan. Sai dai inda waya ta tsaya nan magana ta tsaya, mutanen karkara ba su samu ba sai da rediyo mai batir ta yawaita.

Wayar salula ta shigo cikin 2001, kamfanonin MTN da Econet suka fara. Mutane suka ce an rabu da waya, amma ba haka ba ne. Muryar manomi ta kan tashi ta iska zuwa dogon ƙarfen da ke kusa da shi. Ƙarfen ya miƙa ta ga wani ƙarfe ta wani kwano mai kama da ganga, har ta kai inda aka binne igiya mai zaren gilashi, ta bi ƙarƙashin ƙasa zuwa birni. Na'ura ce ta gaji aikin jakada: in masu gyaran hanya sun tsinke igiya, sai ta nemi zagaye, in akwai. Ita ce kuma ta gaji dokar gidan waya, ta kan gabatar da murya bisa hoto da rubutu, domin rubutu ya iya jira, magana kuwa in ta yanke ta lalace. Ranar kasuwa, in jama'a ta yi wa ƙarfe guda yawa, ko man injinsa ya ƙare, sai a yi ta kira ba ya shiga. Cikin 2012 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ci kamfanoni huɗu tarar fiye da naira biliyan ɗaya saboda rashin kyawun aiki.

Manoman Kunchi da Makoda ba su tsaya jiran hukuma ba. Da yawa suka sayi waya mai layi biyu, in wannan ya ƙi su gwada wancan. Kowane ƙauye kuma ya san tudunsa, ko gindin itacen da sabis ya ke kamawa, inda a kan je a tambayi kuɗin gero a kasuwar Dawanau kafin a ɗora buhu a mota.