Danniya da Riƙo: Nazari kan Tsagogin Dutse a Ƙarƙashin Funtuwa da Malumfashi

Duk macen da ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ta san cewa in ta ƙara danna ɗan dutsen, turawa sai ta ƙara wuya. Haka fuskoki biyu na tsagar dutse suke a can ƙarƙashin ƙasa. Akwai ƙarfin da ke matse su gaba da gaba, shi ne danniya, akwai kuma mai neman gocar da su. Girgizar ƙasa tana aukuwa ne sa'ad da mai gocarwa ya rinjayi riƙon da danniya ta haifar.

A 1978 James Byerlee, wani masani ɗan Amurka, ya tattara gwaje-gwaje ya nuna cewa galibin duwatsu, ko wane iri ne, suna gocewa idan turi, wato ƙarfin gocarwa, ya kai kashi 85 cikin ɗari na danniya. In danniyar ta haura megafaskal 200 (ma'aunin matsi ke nan), kason yakan riƙa saukowa a hankali zuwa wajajen 60. Yumɓu ne ya fita zakka, don santsinsa yana karya riƙon.

Gonakin auduga da masara na Funtuwa da Malumfashi suna zaune kan tsohon dutsen da ya sha matsa da lanƙwasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Tsagogi na nan, kamar ta Kalangai da ta ratsa yankin Birnin Gwari. Amma kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara nauyin kusan megafaskal 27, ga shi yankin ya yi nesa da bakin farantan ɓawon ƙasa inda turi ke saurin taruwa. Shi ya sa tsagogin suke shiru.

Ruwa ne ke ɓata lissafin. Idan ya cika ƙofofin tsaga da matsi, sai ya tallafe wani kaso na nauyin, riƙo ya sassauta. Abin da ya faru ke nan a Koyna ta Indiya a 1967, inda ƙasa ta girgiza bayan cika madatsar ruwa. Da ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, shekara biyu bayan girgizar Kwoi, wasu sun ɗora wa burtsatse laifi. A ganina hujjar da sauranta. Zuƙe ruwa rage matsinsa yake yi, wato yana ƙara riƙo, kuma rijiyar mita 100 ina ita ina zurfin kilomitoci da girgiza ke farowa?