Shekarun bashin albashi: tsohon da ba ya iya yajin aiki

Yau za mu waiwayi wasu shekaru da dattawanmu ba su son tunawa da su, wato daga 1991 zuwa 1999.

An rufe babban Taron Ƙasa a Yamai ranar 3 ga Nuwamba 1991, mutane cike da fata, amma baitulmali babu kuɗi. Uraniyum ya faɗi a kasuwa, albashi ya fara makara. Sai ga shi a Janairun 1994 an karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Magani da duk kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta shiga yajin aiki bi da bi, tana neman ƙarin albashi da biyan bashi.

Ma'aikata na da gaskiyarsu, babu mai musu. To amma akwai wanda aka manta a tsakiya: ɗan fansho.

A lokacin, wata uku-uku ake biyan fansho. Na tsofaffin ma'aikatan gwamnati yana fitowa ne daga asusun FNR ta hannun Tirezor, na ma'aikatan kamfanoni kuma daga CNSS. Kenan kuɗin tsohon malamin makaranta sai sun bi ta hannun mai duba takarda, mai sa hannu, da mai biya a taga. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye aiki, komai ya tsaya. Tsoho ya baro ƙauyensu da takardarsa a aljihu, ya biya kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, ya tarar da ƙofa a rufe. Ya kwana gidan ɗan'uwa, ya koma hannu sake, ga mai kanti yana jiran kuɗin tiyoyin hatsin da aka ci bashi. Matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu, su kam sai Allah.

Ku duba bambancin. Ma'aikaci idan aka hana shi haƙƙinsa, ya janye ƙarfinsa, gwamnati ta ji a jikinta. Ɗan fansho me zai janye? Ƙarfin ya riga ya bayar tun yana saurayi.

Haka aka bi ta mulkin Mahamane Ousmane, da na Bare, da riƙon ƙwaryar Wanke. Da Tanja Mamadu ya hau a Disambar 1999, bashin albashi na watanni da dama ya tarar.

Yau CARENI ke kula da fanshon ma'aikatan gwamnati. Amma darasin bai tsufa ba: duk ranar da 'yan sandika da gwamnati suka zauna tsara aikin da ba za a dakatar ba lokacin yaji, a sa tagar biyan fansho kusa da ɗakin gaggawa na likita. Mai yajin yau, shi ne mai bin layin gobe.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jiran haƙƙinsu.