Majalisar Dokokin Faransa da Yaƙe-yaƙen Ƙasar a Afirka

Kundin tsarin mulkin da Janar de Gaulle ya kafa wa Faransa a 1958 ya ɗora shugaban ƙasa a kan rundunar soja, amma aya ta 35 ta ce sai da yardar majalisar dokoki za a ƙaddamar da yaƙi. A takarda, linzami yana hannun wakilan jama'a ke nan. A aikace kuwa, tun daga lokacin Faransa ba ta taɓa ƙaddamar da yaƙi a hukumance ba. Dakarunta sun shiga Gabon a 1964, sun sauka Kolwezi ta ƙasar Zayar a 1978, sun sha komawa Chadi, duk da sunan "kai ɗauki", kalmar da ayar ba ta ambata ba. Sha'anin tsaro da hulɗar waje ya zama keɓantaccen fagen shugaba, na Afirka kuma ya daɗe a hannun mashawarcinsa Jacques Foccart.

Kisan ƙare dangi na Ruwanda ne ya fara tsaga wannan labule. A 1998 wani kwamitin majalisa ƙarƙashin Paul Quilès ya binciki rawar da Faransa ta taka a can. A 2007 aka kafa kwamitin sa ido kan hukumomin leƙen asiri, mai wakilai takwas daga majalisun biyu, ko da yake an hana shi leƙa ayyukan da ake cikin gudanarwa.

Babban gyaran ya zo ne a watan Yulin 2008, zamanin Sarkozy. Tilas gwamnati ta sanar da majalisa cikin kwana uku da tura dakaru, in kuma aikin ya haura wata huɗu, sai ta nemi izinin ci gaba. Ci gaba ne, babu musu. Sai dai ɗalibi ya lura da ɓarakar da aka bari: ba a yanka wa izinin wa'adi ba. In an kaɗa ƙuri'a sau ɗaya, ta wadatar ko da shekara nawa za a yi.

Sahel ce ta fallasa wannan ɓaraka. An soma farmakin Serval a Mali ranar 11 ga Janairun 2013, majalisa ta amince da tsawaita shi a watan Afrilu. A watan Agustan 2014 aka maye gurbinsa da Barkhane, mai hedkwata a Injamena, wanda ya game ƙasashe biyar, har da Nijar. Fage ya faɗaɗa, manufa ta sauya, amma gwamnati ta ɗauke shi a matsayin ɗori a kan Serval da tsohon aikinta na Chadi, don haka ba ta koma neman sabon izini ba. An yi shekara takwas ana yaƙi a kan tsohuwar ƙuri'a, har aka rufe Barkhane a watan Nuwambar 2022. Dakarun ƙarshe sun bar Yamai a watan Disambar 2023, bisa buƙatar sojojin da suka karɓi mulki a Nijar, ba bisa ƙuri'ar majalisar Faransa ba.