Sabo ta Badun: Tarihinta da Hakkin da ke Kanmu

Ina so mu ɗan waiwayi tarihin unguwarmu, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Yawancin yaranmu na yau sun san Sabo wurin canjin kuɗi ne da tsire, iyakar saninsu ke nan. Alhali kuwa unguwar nan ta haura shekara 100 da kafuwa, kuma akwai lokacin da ita ce ke riƙe da ragamar cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da wannan yanki na ƙasar Yarabawa.

Tun kafin zuwan Turawa akwai Hausawa a Badun. Fatake ne da mahauta da wanzamai da malamai, suna sauka cikin gari a gidajen Yarabawa, musamman wajen Oja'ba. Abin da ya ƙara yawansu shi ne jirgin ƙasa. A 1901 dogo ya iso Badun daga Ikko, a 1912 kuma hanyar ta haɗu har Kano. Tafiyar da ayari kan yi wata da watanni sai ta koma ta kwanaki. Da baƙi suka yi yawa, sai hukumar gari da Turawan mulki suka ware fili kusa da Mokola, aka tara Hausawa wuri guda a ƙarƙashin sarkinsu. Wannan ya faru a 1916, shi ne kuma asalin Sabo.

To me ya sa kasuwanci ya kankama a nan? Da can kakanninmu Gwanja suke zuwa fataucin goro, ta Salaga, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Daga baya manoman Yarabawa na wajen Agege da Ota da Shagamu suka rungumi shukar goron Gwanja, sai ya zama goro ya matso kusa. Amma goro ba ya son wasa. In ba a san yadda ake ɗaura huhu da ganye ba, ba a kuma san lokacin buɗewa a tsince ruɓaɓɓe ba, to uwar kuɗi ta tafi. Haka shanu. Saniyar Arewa ba ta jure cizon tsando na kurmi, dole a sayar da ita da wuri, mahautan gari kuwa galibi bashi suke ɗauka. Wa zai tsaya wa baƙo a garin da bai san kowa ba?

Nan ne mai gida ya shigo. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, in kuma kuɗin baƙo suka maƙale, shi ne a gaba. Ana biyan la'ada, kowa ya samu nasa. Babu banki, babu lauya, amana ce kawai da tsoron Allah da gudun zubewar mutunci. Saboda haka manyan gidajen nan masu ɗakuna barkatai da muke gani a cikin unguwa ba don ado aka gina su ba. Su ne masauki, su ne sito, su ne ofis, su ne baitulmali. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna tare da mutanen Sabo a 1962 da 1963 yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin tambaya, mu nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin littafin?

Wajen 1952, da tsarin mulkin Turawa ya fara sauyawa, siyasar jam'iyyu ta shigo, sai ikon da hukuma ta ba sarkin unguwa ya ragu. Iyayenmu ba su watse ba. Suka riƙi addini, da yawa suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, suka kuma soma sallar Juma'a a masallacinsu na cikin Sabo. Wato dai duk lokacin da wani ginshiƙi ya raunana, sai su nemi wani su kafa da hannunsu.

Yau fa? Tirela ta karɓe aikin tsohon jirgi. Kasuwar shanu ta bar cikin gari ta koma wajen Akinyele, kayan abinci suna Bodija da Shasha. Sabon jirgin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021 ma babbar tasharsa tana Moniya. Mai kaya a Kano yana magana da mai saye ta waya, kuɗi su shiga asusunsa kafin ya ajiye wayar. Wannan zamani ne, ba mai ja da shi. Abin da ke hannunmu shi ne gidajen da aka bar mana. Mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, ba wanda zai gyara rufi, ƙarshe a sayar a raba, a rushe a yi shaguna. Kwatoci sun cika, lunguna sun tsuke har motar kashe gobara ba ta iya shiga, wayoyin lantarki kamar saƙar gizo. Garin nan ya ga ambaliyar Ogunpa a 1980, ya sake ganin wata a 2011. Mun kuma ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, aka rasa rayuka da dukiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba.

Kada wani ya ce tsohon gini ba ya tashi. Cocoa House da ke Dugbe an gama shi a 1965, ya ƙone a 1985, aka gyara shi, yana nan ana aiki a ciki. Mapo Hall tun 1929 yake tsaye, masu gari ba su yarda ya faɗi ba. A Kano, Gidan Makama ya zama gidan tarihi, Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Masu abu ne suka riƙe abinsu.

Ga shawarata ga ƙungiya. Na farko, a sa matasanmu masu ilimi su zauna da dattawan da suka rage, maza da mata, su naɗi maganarsu a waya, a rubuta wane ne ya gina wane gida, daga wane gari ya zo, me yake sayarwa. Na biyu, kowane gida ya nemo takardun filinsa da tsofaffin hotuna da littattafan lissafi, a yi kwafi a ajiye a ofishin ƙungiya. A kuma tura wakilai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke cikin Jami'ar Badun, inda takardun zamanin Turawa suke. Wanda ke da takarda ba ya ɗaga murya ranar gardama. Na uku, a buɗe asusun gyara, 'yan canji da masu shaguna da mahauta kowa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk wata, a karanta lissafi a bainar jama'a. In magada za su sayar da tsohon gida, su fara yi wa jama'ar unguwa tayi. Na huɗu, a dawo da aikin gayya na yashe kwatoci kafin damina, a nemi ƙaramar hukuma ta kawo motar kwashe shara. Na biyar, duk abin da za mu yi mu sanar da maƙwabtanmu Yarabawa da fadar Olubadan, domin da yardar masu gari aka kafa unguwar nan, da zaman lafiya kuma ta kai yau.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka zo da buzu da sanda suka gina mana wannan wuri sun sauke nasu nauyin. In muka bari ya lalace a hannunmu, me za mu ce wa jikokinmu? Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.