Launin da Kuɗi Kaɗai Ba Sa Saya: Daga Motocin Tsere Zuwa Rawanin Ɗan Kura

Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na Gaya da Ajingi. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su suka bi sawun tama har Dutsen Dala, ke nan maganar ƙarfe tamu ce tun asali. To yau zan yi magana ne kan rigar da ake sa wa ƙarfen: fentin motocin alfarma da ba kasafai ake gani ba.

Bari mu faro daga tushe. Tsakanin 1914 da 1925, kamfanin Ford na Amurka baƙin fenti kaɗai yake wa motarsa Model T. A zamanin, fenti mai launi kan ɗauki makonni kafin ya bushe, don haka launi abin masu hannu da shuni ne. Sai a 1924 motar Oakland ta fito da wani shuɗi na fentin Duco, wanda kamfanin DuPont ya haɗa, mai bushewa cikin sa'o'i.

A fagen tsere kuwa, a da launi tutar ƙasa ne. A gasar Gordon Bennett ta 1900 aka ba Faransa shuɗi, Jamus fari, daga baya Ingila ta ɗauki kore. Ita ko Italiya ana danganta janta da motar Itala da Yarima Scipione Borghese ya ci tseren Pekin zuwa Paris da ita a 1907. Jan Ferrari da kuke gani a waya, gadon wannan ne.

Da launi ya yi araha, sai masu kuɗi suka koma neman wanda babu irinsa a titi. A 1991 Porsche ta yi wa Carrera RS wani ja mai sirkin ruwan hoda, Rubystone, wanda yau masu tara motoci ke rububinsa. A 1996 Ford ta fitar da Mustang Cobra guda 2,000 da fentin Mystic: ka tsaya nan ka ga kore, ka matsa can ka ga shunayya. Lexus kuma ta shafe shekara 15 tana neman shuɗin da ta sa wa motar LC, wanda babu ko ɗigon shuɗin rini a ciki. Ƙananan ɓarɓashi ne ke karya haske, kamar fiffiken wani malam-buɗe-littafi na Kudancin Amurka. A lokacin, mota biyu kacal ake iya fentawa a rana.

Kun lura da abin da ake saya a nan? Lokaci ne da gwanintar hannu. To wallahi ƙasar Kano ta san wannan ciniki tun kafin a ƙera mota.

Marinar Ƙofar Mata ana lissafa kafuwarta daga 1498. Baba da toka da katsi ake zubawa a rijiya, a bar su kwanaki su ruɓa, sannan a yi ta tsoma ƙyalle ana fitarwa ya sha iska, har shuɗin ya kai baƙi. A garin Kura sai a ƙara masa garin shuni, mabuga su ɗora shi kan gungume su yi ta bugu, har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, yana sauya kama idan rana ta doke shi. Shi ne rawanin ɗan Kura, wanda Buzaye ke ratso Sahara su saya da tsada. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa duk shekara a kan aƙalla wuri miliyan 300, suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Har yau idan Bahaushe zai ce mutum attajiri ne, me yake cewa? Mai hannu da shuni.

Ga inda labarin biyu suka haɗu. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na sinadari, mai araha, kuma sannu a hankali kasuwar baba ta karye a duniya. Wannan BASF ɗin dai shi ya haɗa wa Ford fentin Mystic. Su sun mayar da launi ilimi, suna rubuta shi, suna ba shi suna da lamba. Mu namu yana kan dattawa, rijiyoyi da yawa sun cike da shara, samari kuma sun koma wasu sana'o'in.

Shi ya sa nake roƙonku, 'yan uwa. Idan a garinku akwai unguwar da ake kira Marina ko Karofi, ku nemi tsohon da ya taɓa rini, ku ɗauki muryarsa a waya: nawa ne awon toka, kwana nawa rijiya ke nuna, ta yaya ake gane ta mutu. Ku turo mana a ƙasan wannan rubutu, za mu karanta a shiri na gaba.