Kewayen Shekara Sittin na Mutanen Sin da Lissafin Dattawanmu

Turawa suna da wata kalma wadda ko a bakinsu ba a cika jinta ba, wato sexagenary. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta abin da ya shafi sittin. Galibi ba a ambatonta sai in ana zancen yadda mutanen ƙasar Sin suke lissafin shekaru tun zamanin kakanninsu. To, wannan lissafi yana da darasi ga manomin Karfi, ko da yake ƙasar tana da nisa ƙwarai.

Ga yadda abin yake. Suna da jerin sunaye biyu, ɗaya mai suna 10, ɗaya mai suna 12. Kowace shekara sai a ɗauki suna ɗaya daga kowane jeri a haɗa, shi ne sunan shekarar. Ka ɗauka kamar tasbaha biyu ce, ɗaya mai 'ya'ya 10, ɗaya mai 12, ana jansu tare. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai an ja sau 60. Jerin nan na 12 shi ne aka danganta da dabbobi: ɓera, sa, damisa, zomo, wani dodo na almara, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce suna ƙidaya kwanaki da wannan tsari, daga baya suka ɗora shi a kan shekaru. An fara sabon kewaye a 1864, da 1924, da 1984.

Amma akwai cikas. Tun da sunan yana komowa, shi kaɗai ba ya isa. Juyin da ya kawo ƙarshen mulkin sarakunansu ya tashi a 1911, har ana kiransa da sunan shekarar, wato Shinhai. Sai dai 1851 ma sunanta ke nan, haka kuma 1971. Saboda haka marubutansu na da sukan haɗa sunan shekara da zamanin sarkin da ke bisa gado, don kada na baya su ruɗe.

Mu ma muna da namu kewayen. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagawa, ya faɗo cikin damina, ya koma bazara, ya koma ɗari, ya koma kaka, sa'an nan bayan kamar shekara 33 ya komo inda ya tashi. Mafi yawan kwanakin azumi sun faɗo cikin watan Agusta, tsakiyar marka, a 1913, da 1946, da 1978, da 2011. Don haka manomi bai taɓa dogara da watan sama wajen shuka ba. Malamai ne suke lissafa masa taurari 28, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowane kwana 13, ɗaya kuwa 14, jimla 365.

To, in tsoho ya ce an ba ubansa gona shekarar da aka yi azumi cikin marka, gaskiya ya faɗa, amma wace shekara ke nan? Tsakanin wannan da waccan an haifi ɗa har ya yi iyali. Dattawanmu sun gane wannan, sai suka yi dabara irin ta mutanen Sin, suka riƙa kafa wa shekara turke. Wani turken sarki ne, kamar 1921 da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin Hajji, ko 1944 da ya rasu Usman Nagogo ya gaje shi. Wani turken masifa ce, kamar yunwar 1914 wadda a wurare da yawa ake kira Kakalaba. Wani kuwa sabon abu ne, kamar hanyar jirgin ƙasa da ta biyo ta Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A zamanin En'e da irin waɗannan turaku malaman ofis suke kintatar shekarun mutum.

Sai dai turken da ke cikin ka yana tafiya tare da mai shi. Waɗanda suka ga Kakalaba da idonsu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da aka tashi rabon gado, ko aka yi jayayya a kan iyakar gona, wanda ba shi da kwanan wata a rubuce sai ya nemi shaidu, shaidun kuwa suna ƙarewa. Sau da yawa nan ne zumunci yake ɓaci.

Ya kai mai karatu, tun da Allah ya sa ka iya riƙe alƙalami, nemi ɗan littafi ka zauna gaban tsofaffin gidanku. Rubuta sunan da suke kiran kowace shekara, ka sa lambarta ta Hijira da ta Miladiyya a gefe. Haihuwa, aure, sayen gona, jingina, duka ka rubuta ranarsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wata rana jikokinka za su buɗe littafin nan su yi maka addu'a. Allah ya sa mu dace, amin.