Wa zai biya kuɗin tsaron tabki? Tarihin gundumomin tabki a jahar Wiskonsin ta Amurka

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana damun mazauna bakin ruwa: idan tabki na kowa ne, wa ya kamata ya ɗauki nauyin gyaransa? Mun zaɓi jahar Wiskonsin, a arewacin Amurka, saboda tana da tabkuna wajen 15,000, kuma mutanenta sun gwada hanyoyi iri-iri na tara kuɗi. Abin da muke son nunawa shi ne, baƙon tsiro da zarar ya kafu ba ya fita, don haka kuɗin yaƙi da shi dole su riƙa shigowa kowace shekara.

2. Ruwa na jama'a, gaɓa ta masu gida

Tushen matsalar yana cikin doka. Dokar 1787 da ta tsara mulkin yankin arewa maso yamma ta tanadi cewa ruwan da jirgi ke iya bi hanya ce ta kowa, kuma tsarin mulkin jahar na 1848 ya ɗauki wannan ƙa'ida. Ke nan mai gida a bakin tabki ya mallaki filinsa, amma ba ya da ikon hana baƙo shiga ruwa da kwale-kwalensa. Duk da haka, idan ruwan ya lalace, shi ne farkon mai asara.

A matakin farko, masu gidaje sun kafa ƙungiyoyin sa-kai, kowa yana ba da abin da ya ga dama. Maganin da aka fi dogara da shi a lokacin shi ne zuba sinadari, har da mai ɗauke da gubar arsenik, wanda aka yi ta amfani da shi wajen kashe ciyawar ruwa har zuwa wajen 1970. Raunin wannan tsari a fili yake: wanda ya biya da wanda ya noƙe duk suna wanka a ruwa ɗaya. Shekara ta yi kyau a tara kuɗi, ta yi muni aiki ya tsaya.

3. Dokar 1974

A cikin shekarun 1960 wata baƙuwar ciyawa daga Turai da Asiya (Myriophyllum spicatum) ta bayyana a tabkunan kudancin jahar. Tana shimfiɗuwa a saman ruwa kamar tabarma, tana hana tsirran asali samun haske, kuma ɗan guntunta da ya maƙale a jikin injin jirgi ya isa ya kafa sabon gida a wani tabki. Karo-karon sa-kai ya kasa da ita.

A shekara ta 1974 dokar da ta ba da damar kafa “gundumar kare tabki” ta fara aiki. Ana kafa gunduma ne idan kashi 51 cikin ɗari na masu filaye, ko kuwa masu riƙe da kashi 51 cikin ɗari na filin yankin, suka sa hannu a takardar buƙata. Daga nan sai ta zama ƙaramar hukuma mai ikon aza haraji. Taron shekara shi ke amincewa da kasafi, kuma doka ta ƙayyade cewa harajin aikin yau da kullum ba zai wuce dala 2.5 a kan kowace dala 1,000 ta darajar dukiya ba. Ana karɓar kuɗin tare da harajin gida, saboda haka babu mai zillewa. Wani abin lura shi ne, mai fili yana da ƙuri'a a taron ko da ba a nan yake zaune ba duk shekara. Gundumomin da aka kafa ta wannan hanya sun haura 200.

4. Hannun gwamnati: zuwa da komawa

Dokar tsabtar ruwa ta tarayya ta 1972 ta buɗe wani shiri na tallafa wa tabkuna, amma a tsakiyar shekarun 1990 majalisa ta daina ware masa kuɗi na musamman. Wannan ya faru ne daidai lokacin da barazana ke ƙaruwa. A 1988 an gano wata ƙaramar dabbar ruwa mai ɓawo biyu (Dreissena polymorpha) a tabkin Sen Kiler, wadda manyan jiragen teku suka kawo cikin ruwan da suke ɗauka don daidaita nauyi. Dokokin tarayya na 1990 da 1996 sun fi mai da hankali a kan waɗannan jirage. Ƙananan tabkuna na cikin ƙasa kuwa aka bar su ga jahohi da mazauna.

Jahohi sai suka juya ga masu jirage, tun da su ne ke yawo da baƙin halittun. Wiskonsin tana ba da tallafin tabkuna daga kason harajin man fetur da ake lissafa wa jiragen ruwa masu inji, bisa sharaɗin gunduma ko ƙungiya ta cika nata kaso. A 2004 ta fara shirin sa masu sa-kai su duba jirage a mashigar ruwa. Jahar Men ta wajabta wa masu jirage sayen wata ƴar takardar liƙawa tun 2002, ita kuwa Minesota ta yi doka a 2014 wadda ta ware wa gundumominta dala miliyan 10 kowace shekara domin rigakafi.

5. Abin da lissafi ya nuna

Me ya sa masu gida suka yarda su aza wa kansu haraji? Wani bincike da aka buga a 2009 game da arewacin Wiskonsin ya nuna cewa shigar ciyawar nan tabki tana rage darajar filayen gaɓarsa da kimanin kashi 13 cikin ɗari. Harajin gunduma, in aka gwada da wannan asara, ƙarami ne. Sai dai tsarin yana da giɓi biyu. Na farko, tun da haraji yana bin darajar dukiya, tabkin da attajirai suka kewaye shi ke samun kulawa, wanda ba ya da manyan gidaje kuwa sai ya zama matattarar iri da zai sake harbin maƙwabtansa. Na biyu, yankan ciyawa da inji ko fesa magani suna rage ta ne kawai; baɗi sai an sake. Rigakafi ya fi arha, amma yana da wuya a shawo kan taron shekara ya kashe kuɗi a kan abin da ido bai gani ba tukuna.

6. Kammalawa

Tarihin nan ya bi matakai uku: karo-karon sa-kai, harajin dole a kan masu gaɓa, sannan haɗa masu jirage da gwamnati cikin biya. Babu matakin da ya wadatar shi kaɗai. A wajenmu tambayar ba baƙuwa ba ce. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Calawa, kuma ciyawar da ake kira “jacinthe d'eau” da Faransanci ta addabi masunta a kogin Kwara. Ba za a kwafi dokar 1974 yadda take ba, domin masu cin moriyar tabki a nan masunta ne da makiyaya da manoman rani, waɗanda akasarinsu ba su riƙe da takardar fili. Amma tambayoyin da ta amsa suna jiran masu bincikenmu: wa ke amfana, wa ke da ƙuri'a, kuma daga ina kuɗi za su fito a shekarar da mai ba da agaji ya naɗe kayansa?